Kafin ka sayi fili a bakin dam ko tafki

Jama'a don Allah kar dillali ya kai ka ganin fili a bakin ruwa da rani kawai ka biya, ka bari sai watan Agusta ka koma ka ga inda ruwa ke tsayawa. In ba za ka iya jira ba to duba jikin bishiyoyi, za ka ga shatin taɓo ya bushe a jiki, wani har ƙugun mutum, duk inda shatin ya kai wurin ruwa ne, ba na gini ba. Ka tambayi masunta da masu noman rani, sun fi dillali sanin wurin.

Sai maganar takarda. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, don haka takardar mai unguwa kaɗai ba ta isa ba, ka je ofishin filaye a duba maka. A Kano kar ka sa bulo ɗaya sai KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ta amince da zanen ginin, in kuma kusa da Tiga ne ko Challawa ka tuntuɓi hukumar kogunan Hadejia-Jama'are tunda dam ɗin a hannunta suke.

In ka samu izini, masai da kwata su yi nesa da ruwan sosai, mutane da dabbobi daga nan suke sha wallahi. Ciyawa da bishiyoyin gaɓa ka bar su, su ke riƙe ƙasa kar ta zaizaye ta cike tafkin, sannan kar katangarka ta toshe burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya.