Yadda ake zana furen Koch, zanen da ke maimaita kansa

Akwai irin zanen da in ka ƙura masa ido sai ka ga kamar yana motsi. Ya yi tashe a San Francisco ta Amurka a shekarun 1960, inda masu zane irin su Victor Moscoso suka riƙa jera launuka masu karo da juna a fastocin wasannin kiɗa. Wasu a wancan zamani sun haɗa abin da shan ƙwaya. Kai ba ka buƙatar wannan, rula da haƙuri sun ishe ka.

Siffar da za mu zana wani masanin lissafi ɗan Suwidin, Helge von Koch, ya bayyana ta a 1904. Sai a 1975 wani masanin lissafin, Benoit Mandelbrot, ya raɗa wa irin waɗannan siffofi suna firaktal, wato siffar da ƙaramin yankinta ke kama da babbanta.

Tanadi farar takarda A4, fensir mai tsini, rula, kamfas na zana da'ira, abin goge fensir, baƙin biro da maka masu launi.

Da farko, zana alwatika mai gefe uku daidai wa daida, kowane gefe santimita 18. Ja layin ƙasa, amma ka bar filin santimita 6 a ƙarƙashinsa. Buɗe kamfas tsawon layin, ka yi baka daga kowane ƙarshe. Inda suka haɗu nan ne ƙololuwa.

Sai doka guda da za ka yi ta bi har ka gama: raba kowane gefe gida uku, ka ɗora ƙaramar alwatika a kan na tsakiya tana kallon waje, ka goge gindinta. Zagayen farko ƙananan gefuna santimita 6 ne, gefuna sun zama 12. Na biyu santimita 2, sun zama 48. Na uku za su kai 192, kuma a nan hannu ke fara gajiya. Shi ya sa na zaɓi 18, don tana rabuwa uku sau biyu ba saura. Kada ka auna da ido a zagayen farko, domin kuskuren milimita biyu zai bi duk ƙananan da ke kansa. Riƙa juya takardar maimakon karkata hannunka, kuma kada ka danna fensir.

Idan siffa ta fito, bi ta da baƙin biro, ka bari ya bushe kafin ka goge fensir.

Yanzu sai launi, inda ni a ganina aikin yake. Daga cikin iyakar, ja layuka masu bin siffar kamar zobba, kowane ya fi na bayansa ƙanƙanta, har tsakiya. Cike su da launuka abokan hamayya: ja kusa da kore, ruwan goro kusa da shuɗi, rawaya kusa da shunayya. Kada ka raba su da baƙin layi ko farin fili. Idan suka haɗu kai tsaye, kuma haskensu ya yi kusan ɗaya, ido na kasa tsayar da iyakarsu, shi ne rawar da kake gani.

Furen yana da reshe shida. Duk abin da ka sa a ɗaya, ko ɗigo ne, ka sa shi a sauran biyar kafin ka matsa gaba. A tsakiya wasu kan zana ido, kamar yadda mai zane ɗan Amurka Alex Grey ke yawan yi a zane-zanensa; da'ira mai ruwan zinare ma ta wadatar.

In ka gama, manna shi a bango, ka ja da baya taku uku, ka kalli tsakiyar na minti ɗaya. Idan bai motsa ba, ɗaya daga cikin launukan ya fi ɗan'uwansa duhu, sai ka sake gwada su a wata takarda.