Yadda ake saita iskar taya idan za ka shiga daji da lodi

Yawancin sababbin direbobin da nake gani suna ɗaukar Hilux daga Daura zuwa ƙauyukan Baure da Zango abu ɗaya suke yi. Su tsaya wurin mai faci a bakin tasha, ya danna wa kowace taya iska 50 a ma'aunin PSI, ya ƙwanƙwasa ta da ƙarfe ya ce ta yi. Da wannan iskar za su hau kwalta, da ita za su bi burji, da ita kuma za su je su kafe a yashi.

Fara aunawa da sassafe, kafin mota ta motsa. Taya in ta yi tafiya takan ɗau zafi, geji, wato abin auna iska, ya nuna maka ƙarin 3 ko 4 a kan gaskiyar abin da ke ciki. Buɗe ƙofar direba, za ka ga takarda a liƙe jikin ƙarfen ƙofar, tana nuna iskar mota in babu kaya da kuma in an cika ta. Ta biyun za ka bi. Lambar da ke rubuce a jikin taya iyakar abin da za ta jure ce, kar ka ɗauke ta ma'auni. Kuma ka sayi geji naka na kanka, kuɗinsa bai kai rabin tankin mai ba. Na masu faci ya sha faɗuwa ƙasa, ni ba na yarda da shi.

A kwalta, misali daga Katsina zuwa Daura, ba ka da wani aiki sai bin takardar nan. In ka tsaya a Mashi da rana tsaka a watan Afrilu ka ga iska ta hau, kar ka sace ta. Zafi ne, da taya ta huce za ta dawo daidai.

Da ka sauka burji mai ƙwanƙwasar haƙora, rage kamar 6 daga kowace taya, ka riƙe gudu ƙasa da kilomita 60. Taya mai tauri duwatsu sun fi saurin huda ta, ga shi mota na ta tsalle da kaya.

Yashi shi ne inda na sha wuya. Wata bazara na ɗauko buhun taki 14, kilo 700 ke nan a bayan mota, zan kai wani ƙauye gaba da Baure. Da na iso wani busasshen rafi sai na sauke duka tayu huɗun zuwa 15, don haka na saba yi in mota ba kaya. Ta tafi lafiya har na zo kwana zan hau gaɓa, na murɗa sitiyari da ƙarfi na taka mai. Sai na ji "fuss", baya ya zauna gefe guda. Tayar baya ta hagu ta zame daga bakin rim, yashi ya cika tsakaninsu. Sai da muka sauke buhunan nan ɗaya bayan ɗaya, muka nemo katako muka ɗora jak a kai don kar ya nutse, ana kiran la'asar muna can.

Nauyin duk a ƙafafun baya yake, don haka gaba da baya ba za su zama ɗaya ba. Da lodi irin wannan a yashi, ni gaba 18 nake sa wa, baya 22 zuwa 24. Tsuguna ka duba: kana son tayar ta shimfiɗu a ƙasa ta ƙara tsawon inda take takawa, amma in ka ga gefenta ya yi tumbi har rim na neman sauka, ka wuce gona da iri. In ka kafe, kar ka yi ta taka mai, haƙa wa kanka rami kake yi. Sauko ka ƙara rage 2, ka share yashin gaban tayu, ka fita a hankali da giya ta biyu. Gudu kar ya wuce 30, kwana kuma a yi ta da faɗi, ba birki na farat ɗaya.

Laka a damina kusan iskar burji take so, ko ƙasa da haka kaɗan.

Kafin ka koma kwalta ka mayar da iskar. Taya mai iska 20 da lodi a kanta, in ta yi gudu a titi mai zafi, gefenta ne ke ta lanƙwasa har ya dahu ta fashe. Ka ajiye ƙaramin injin hura iska mai maƙalawa a batir, irin na soket ɗin sigari ya cika jinkiri kuma yana ƙona fiyus. Bar mota a kunne kana hurawa, ka fara da na baya, safaya ma ka duba ta.