Yadda Ake Riƙon Lambun Bayan Gida Idan Marka Ta Kankama

A watan Yuni kowa manomi ne. Ƙasa na da ɗumi, ruwa na sauka daidai wa daida, ko yaro ya watsa irin kuɓewa a gindin katanga sai ya tsiro. Sai Agusta ta shigo, marka ta kankama, a kwana uku ba a ga rana ba, sannan ake sanin wanda zai ci miyar lambunsa da wanda zai koma wurin mai kayan gwari yana ƙorafin tsadar tumatir. Na ga maƙwabta da dama sun fara da ɗoki sun ƙare da jujin ruɓaɓɓen ganye, kuma kusan dukansu abu guda ne ya kayar da su: ruwan da ke kwanciya a gindin shuka. Ni ma shi ya kayar da ni a shekarata ta farko.

Ba zan tsaya kan cire ciyawa ba. Wanda sai an gaya masa ya ɗauki fartanya a tsakiyar damina, to lambu ba nasa ba ne.

Abu na farko, ka fita lambun bayan an ɗauke ruwa da kamar awa biyu. Kada ka bari sai gobe da hantsi, lokacin shaida ta ɓace. Ka duba inda ruwa ya kwanta. A gidajenmu matsalar ta fi ta gona muni, domin ruwan indararo da na tsakar gida duk bayan gida suke nufa, katanga kuma ta tare hanya. Duk inda ka ga ruwa tsaye a gindin shuka, ka kafa tsinke. Washegari ka ɗauki hauya ka ja ɗan rami daga wurin zuwa rariya, zurfin taƙi ɗaya ya isa, ƙasar da ka tono kuma ka tara ta a gindin shukar ta zama kunya. Idan rariyar ta toshe da leda, ka fara da ita.

Saiwa numfashi take yi kamar ni da kai. Idan ruwa ya cika ƙofofin ƙasa, iska ba ta shiga, saiwar ta fara ruɓewa. Abin da ke ruɗa sabon shiga shi ne alamar da ke fitowa a sama: ganye ya yi ɗorawa, da rana ya langaɓe, kamar shukar da ke jin yunwa ko ƙishirwa. Haka na ga tumatir ɗina, na ruga na sayo takin yuriya na zuba masa tafin hannu guda-guda. Cikin mako na gama da shi. Saiwar da ta ruɓe ba ta iya shan taki, gishirin takin ƙara ƙona ta yake yi, abin da ya rage kuma ruwa ya wanke ya tafi da kuɗina rariya. Saboda haka kafin ka zuba komai, ka tura yatsa a gindin. Idan ka dunƙule ƙasar ruwa ya tsatso, ka ajiye takin ka nemi hauya.

Gwanda ta fi kowa rashin haƙuri a nan. Kwana biyu ruwa ya kwanta a gindinta, bishiyar da ka yi wata takwas kana reno sai ta sunkuya da 'ya'yanta. Tawa mai 'ya'ya har goma sha ce ta faɗi haka, da na taɓa gindin ya yi laushi kamar dafaffen rogo. Tun daga nan ba na dasa gwanda sai a kan tudun ƙasa da ya kai gwiwa. Zogale ma haka yake, bai son jiƙa. Gwaba da rama da lalo su kam suna jurewa, kada ka ɓata ƙarfinka a kansu.

Akwai wani langaɓewar da ba na ruwa ba. Idan tumatir ya kwanta farat ɗaya alhali ganyensa kore ne shar, ka yanke karan kusa da ƙasa ka tsoma bakin yankan a kofin gilashi mai ruwa garau. Ka jira 'yan mintuna kada ka motsa kofin. In ka ga wani farin abu kamar zaren madara yana sauka daga karan, ƙwayar cuta ce da ke cikin ƙasa, kuma ba ta da magani a shago, ko mai shagon ya rantse. Ka tuge shi da saiwarsa ka fitar daga lambun. Kada ka sake sa tumatir, tattasai, attaruhu ko yalo a wurin na wasu shekaru, domin dangi ɗaya ne. Ka sa masara.

Na biyu, ka ɗaga tumatir daga ƙasa. Tumatirin damina da aka bari ya baje, rabonka a ciki kaɗan ne. Ruwan sama yana dukan ƙasa, ya fantsama laka a ganyen ƙasa, daga nan ɗigon baƙi ke farawa ya yi ta hawa sama. Ka kafa sanda mai tsawon ƙirji a gefen kowane tushe, ka ɗaure da tsumma sako-sako. Karan dawa kyauta ne, amma ba ya kai ƙarshen marka, gara da danshi ke cinye shi. Gora nake so, ko reshen darbejiya busasshe. Ɗanye kada ka yarda, tsirowa zai yi ya zama abokin gaba. Sannan ka cire duk ganyen da ke taɓa ƙasa, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi a gindin, amma ka bar ɗan fili tsakaninsa da karan. Wannan aiki da rana ake yinsa, bayan raɓa ta bushe. Shiga cikin tumatir yana jiƙe, kai da hannunka kake raba cutar.

Masu kallon bidiyon Turawa a waya su kan zo su tsige duk ƙananan rassan da ke fitowa a hammatar ganye. Wannan na tumatir mai yaɗo ne da ke ta hawa har sama. Irin da aka fi sayarwa a shagunanmu, kamar Roma da UC82B, gajeru ne masu tsayawa, a kan waɗannan rassan suke yin fure. Ka tsige su, ka tsige miyarka. Kuma da zarar ɗan tumatir ya fara ja, ka tsinke ya ƙarasa nuna a ɗaki, in ba haka ba ruwa ɗaya mai ƙarfi zai farfasa shi.

Na uku shi ne taki, bayan ruwa ya sami hanya. Murfin kwalbar lemo ɗaya na takin zamani NPK 15-15-15 ga kowane tushe, a tona rami nesa da kara da faɗin yatsu huɗu, a rufe. Da yadda kuɗin buhu ya koma, mudu ɗaya ya ishi lambun gida. Kashin kaji kuwa sai wanda ya ruɓe ya huce. Ɗanye ƙona shuka yake yi.

Ƙwari: ka riƙa juya ganye kana duba bayansa. Don tsutsa da ƙananan ƙudaje farare, ka daka ƙwallon darbejiya kamar giram 50, ka jiƙa a lita 1 ta ruwa ya kwana, ka tace, ka ɗiga ɗan ruwan sabulu, ka fesa da yamma. In an yi ruwa cikin dare, sai ka sake. Maganin shago a lambun da yara ke shiga su tsinki abu su kai baki, ni dai ba na sawa.

Kuɓewa a tsinke ta duk bayan kwana biyu, ko ba a bukata. Ka bar guda uku su ƙosa a jiki, uwar ta rage haihuwa. Rarar a yanka a shanya, amma a rumfa, kan faifai. Alayyafo da yakuwa a yanke kai su yi rassa. Gwabar da ta faɗo kada a bar ta a ƙasa, tsutsar ƙuda ce a ciki, za ta shige ƙasa ta dawo ƙuda. A tattara a baƙar leda, a ƙulle, a ajiye a rana. Inda wani abu ya mutu, ka watsa alayyafo, cikin wata guda za ka yanka. Idan Satumba ta kusa, ka nemi tsohon baho ka yafa irin tumatirin rani a ƙarƙashin rumfa.