Fita ƙasar waje daga Kaduna: ta hannun kamfani ko da kanka?

Duk wanda ya ɗaura niyyar fita ƙasar waje, ko Umara za shi, ko sarin kaya a Dubai da Sin, ko neman magani a Masar da Indiya, sai ya yanke shawara a kan abu ɗaya tun kafin ya haɗa jaka: ya damƙa wa kamfanin shirya tafiye-tafiye komai ya biya kuɗi a dunƙule, ko kuwa ya nemi biza da tikiti da masauki da kansa. Yawancin mutane daga farashi suke fara lissafi, amma a ganina daga biza ya kamata a fara, domin ita ce take nuna ko akwai zaɓin ma tun farko.

Aikin Hajji ba ya cikin wannan muhawara, tun da ba a zuwa sai ta hukumar jin daɗin alhazai ta jiha ko ta kamfanin jirgin yawo da hukumar alhazai ta ƙasa, wato NAHCON, ta ba lasisi. Bizar Umara ma, ga mai fasfon Najeriya, galibi ta hannun ejan take fitowa. Ƙasashen ECOWAS kuwa, irin su Ghana da Benin da Senegal, ɗan Najeriya yana shiga ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba, saboda haka biyan kamfani a kan irin wannan tafiya sau da yawa asarar kuɗi ce. Ƙasashen Turai na yankin Shengen su ne a tsakiya: kamfani zai iya taya ka cike takardu, amma kai da kanka za ka je a ɗauki hoton yatsunka, sai ka nuna inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, kuma ofishin jakadanci ne kaɗai yake yanke hukunci. Ejan ɗin da ya rantse maka cewa biza tabbas ce, ka riƙe kuɗinka.

Bayan biza sai a dubi matafiyin. Dattijuwar da ba ta taɓa hawa jirgi ba, ko majinyacin da za a tura a keken guragu, suna bukatar wanda zai tarbe su kuma ya amsa waya da tsakar dare, wannan kuwa shi ne ainihin abin da ake saye a wurin kamfani. Ɗan kasuwar da ya saba zuwa baje kolin Kanton na ƙasar Sin a watan Afrilu ko Oktoba, ya san otal ɗinsa da tafintansa, ba shi da dalilin biyan wani ya riƙe masa hannu.

Idan kamfanin ka zaɓa, to ka taka da ƙafarka zuwa ofishinsu, kada ka tsaya a WhatsApp. Ka nemi shaidar rajistarsu da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, idan kuma Umara ce ka duba ko sunansu yana cikin waɗanda NAHCON ta amince da su, sannan ka biya ta asusun kamfani, ba asusun wani ma'aikaci ba. Mafi muhimmanci shi ne a rubuta maka sunan otal, da nisansa a lissafin mita, da yawan mutanen da za a zuba a ɗaki ɗaya, da ko akwai abinci, da ko a mota za a kai ku Madina ko a jirgin ƙasan Haramain. Na taɓa biya wa gwaggona kuɗin Umara a wani kamfani da ya rubuta "kusa da Harami" kawai a takardarsa. Da suka sauka sai ga shi masaukin sai an hau bas, ita kuma tana fama da ciwon gwiwa, har ta koma yin yawancin sallolinta a ɗaki. Da na koma ofishin da ƙorafi, mai kamfanin ya ce mini, "Alhaji, ai kusa ne," ni kuwa ba ni da abin nunawa, domin ban sa an rubuta mita ba. Ka kuma tambayi inda jirgi zai tashi, saboda yawancin matafiyan Kaduna daga Abuja ko Kano suke hawa jirgin ƙasar waje, kuma kuɗin jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa tashar Idu ta Abuja, ko na mota zuwa Kano, da kwanan otal idan tashin asuba ne, ba kasafai suke cikin farashin da aka tallata ba.

Mai tafiya da kansa yakan samu sauƙi da 'yancin canza rana, amma duk abin da ya lalace a wuyansa yake. Ya tabbatar fasfonsa yana da aƙalla wata 6 kafin ya ƙare aiki, ya karɓi katin rigakafin shawara, wanda za shi Saudiyya kuma ya haɗa da allurar sanƙarau. Kada ya biya otal ko tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Idan zai ya da zango a Adis Ababa ko Alƙahira, ya sayi tafiyar gaba ɗaya a tikiti guda, domin idan jirgin farko ya makara kamfanin jirgin ne zai nema masa wani, alhali mai tikiti biyu daban-daban sai ya sake sayen sabo daga aljihunsa.

Akwai kuma hanya ta uku da 'yan kasuwar Kaduna da dama suke bi: su bar wa ejan biza kaɗai, su nemi tikiti da masauki da kansu. Kafin ka zaɓe ta, ka ɗauki takarda ka jera kuɗin biza da tikiti da otal da abinci da motar filin jirgi, ka ajiye jimillar kusa da farashin kamfani biyu ko uku na ranaku iri ɗaya, tun da farashin goman ƙarshe na Ramadan ba ya kama da na watan Safar.