Kurakuran da ake yi wajen karanta marubucin barkwancin siyasa

Babban kuskure shi ne a ɗauki gatse a matsayin labari, kuma ba ƙananan masu karatu kaɗai ke faɗa wa wannan rami ba. A watan Disambar 1957 shugaban Amurka Eisenhower ya je taron ƙungiyar tsaro ta NATO a Paris. Art Buchwald, marubucin barkwanci ɗan Amurka wanda ke rubuta wa jaridar Herald Tribune daga can, sai ya ƙaga hirar 'yan jarida da kakakin shugaban, har da mai tambayar wai shawarar wa ce shugaba ya kwanta barci. Kakakin na gaske, James Hagerty, ya fusata, ya tara 'yan jarida ya ce rubutun shirme ne tsantsa. Buchwald ya ce a'a, shi shirmensa gauraye ne. Maganin wannan kuskure sauƙi gare shi: duba sunan marubuci da filin da rubutun ya fito kafin ka tura wa jama'a a WhatsApp kana salati.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi kuwa na masu dariya su wuce ne, su ce ai ɗan kama ne kawai. Koma ka tambayi kanka wa aka yi wa gugar zanar. Makonni uku kafin tafiyar, Eisenhower ya yi fama da ɗan shanyewar jiki, duniya na son sanin ko zai iya mulki. Maimakon haka ana ta ciyar da mutane da ƙananan bayanai marasa amfani. Ka ga habaicin ya sami kakakin, ya kuma sami 'yan jaridar da ke rubuta duk abin da aka miƙa musu. Wanda bai san labarin rashin lafiyar ba, rabin zancen ya wuce shi. Saboda haka karanta labaran makon tukuna, sannan ka zo ga barkwancin.

Akwai kuma masu zaton marubucin ɗan jam'iyyarsu ne don ya caccaki abokin hamayya, ranar da ya juyo kan gwaninsu sai a ce an saye shi. Buchwald ya yi wa Johnson ba'a, ya yi wa Nixon, ya yi wa Reagan, dukkansu shugabannin Amurka da ba jam'iyyarsu ɗaya ba, a 1982 kuma aka ba shi Pulitzer, babbar kyautar aikin jarida ta Amurka. Nemi rubuce-rubucen mutum na zamanin gwamnati biyu ko uku ka jera su kafin ka yanke masa hukunci.