Yadda za ki raba gidanki da alkama a Saudiyya, kuma ki ci gaba da girki mai daɗi da cin abincin waje

Shekara uku kenan da likita ya ce 'yata ta tsakiya tana da siliyak, cutar da jiki ba ya jure alkama, abin da mutanen nan suke kira hassasiyatul gamh. Lokacin shekararta tara, kullum ciki a kumbure, ga gudawa ga rama, jininta kuma ya ƙi hawa duk maganin ƙarin jinin da ta sha. Ranar na dawo gida na zauna a kicin ina kallon ledar burodin tamis ɗin safe, na rasa ta ina zan fara, don a Makka in kin cire alkama kamar kin cire rabin abincin gari ne. Amma 'yar uwa bari in faɗa miki tun yanzu, mu Hausawa mun fi kowa samun sauƙi a wannan jarabawar, saboda abincin da kakanninmu suka tashe mu da shi yawancinsa ba ruwansa da alkama. Mu ne muka sake shi muka kama burodi da taliya.

Gulutin wani sinadari ne da ke cikin alkama da sha'ir da wani hatsin Turai da suke kira rai, shi ne yake sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo ya tashi. Mai siliyak in ya ci, garkuwar jikinsa ce take juyowa ta afka wa ƙaramin hanji, ta lalata 'yan gashi-gashin da ke tsotse amfanin abinci, shi ya sa za ki ga yaro yana ci amma ba ya auki. Kusan mutum 1 cikin 100 a duniya yana da ita. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da alaƙarta da alkama, ya lura a yunwar da aka yi a ƙasarsu a 1944 zuwa 1945 yara masu cutar sun murmure da burodi ya yanke, da ya dawo ciwon ya dawo.

Matakin farko, kar ki daina ba da alkama kafin a yi gwaji. Na san abin zai miki wani iri, amma in kin cire ta tukuna gwajin zai iya nuna lafiya lau alhali cutar tana nan. Jini ake fara ɗauka, gwajin sunansa tTG-IgA, in ya nuna alama sai likitan ciki ya duba ko za a yi minzar, wato a zura na'urar leƙa ciki, a ɗebo ɗan ƙanƙanin nama daga hanji. In an tabbatar, a gwada iyaye da sauran yaran, don tana bin jini, kusan 1 cikin 10 na makusanta ana samunsu da ita.

Na biyu, kicin. Nan ne mutane suke raina abin. Dokar da ake bi ita ce ba a kiran abinci marar gulutin sai in bai wuce miligiram 20 a kilo ɗaya ba, kin ga kuwa ɓurɓushin burodi a wuƙa ya isa ya ɓata lissafi. Ki ware rariya daban, muciya daban, ludayin katako da katakon yanka daban, tunda katako yana riƙe gari a tsagunsa komai wankin da kika yi. Kwandon tace taliya ma kar a haɗa. Man da aka soya sambusa a ciki ba a soya mata dankali da shi. Jibna, wato cuku, da zuma da man gyaɗa na shafawa na saya mata nata na rubuta sunanta a murfi, don yara sukan dangwala wuƙa bayan sun shafa wa burodi. Sai babban tarko, injin niƙa. In kika kai gero inda ake niƙa alkama kin gama ɓata shi, ni dai na haƙura na sayi ƙaramin inji mai ƙarfi, in sayo hatsi ɗanye in tsince shi a faranti ƙwaya-ƙwaya, ana samun alkama da sha'ir a ciki wallahi, in wanke in shanya in niƙa a gida.

Na uku shi ne inda zuciyata ta kwanta, komawa tukunyar gida. Tuwon shinkafa, tuwon dawa, na masara, na gero, acha, waina, sinasir, ƙosai, alale, dambun shinkafa, fura da nono, koko, kunun gyaɗa, kunun tsamiya, doya, rogo, dankali, wake da shinkafa, duk halal ne gare ta in hannunki ne ya yi. Gero a nan sunansa dukhun, dawa kuma zura, ana noma su a yankin Jizan, kuma wajen 'yan uwanmu a Shara Mansur a Makka ba ki rasa kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya. Waɗanda za ki yi sallama da su: tuwon semo, don samid ne, wato tsakin alkama, taliya, kuskus, alkubus, funkaso, gurasa, alkaki, fanke da cincin.

Ɗanwake kuwa ki yi hattara, na yanzu yawanci fulawa ce zalla ko an haɗa da ita. Ki koma na asali: garin wake kofi biyu, garin rogo kofi ɗaya, kuka cokali biyu, ki kwaɓa da ruwan kanwa har ya kama jikinsa, ki jejjefa a tafasasshen ruwa. Kukar nan ita take yin aikin danƙon da gulutin ke yi, iyayenmu sun san wannan tun ba a san sunan cutar ba. Da safe kuma, lokacin da kowa ke dangwalar ful, faten waken nan na Larabawa, da tamis, ita sinasir nake yi mata ko waina ta ci da ful ɗin, yanzu har babansu ya fi son haka. Maƙwabciyata 'yar Sudan takan kawo mana kisra, irin sinasir ɗinsu na dawa, sai da na tambaye ta na gane tana zuba 'yar fulawa don ta yi laushi, yanzu takan ɗebar wa yarinyar kullin dawa zalla kafin ta haɗa, Allah ya saka mata. In kek kike so, ki haɗa garin shinkafa mai laushi kashi biyu da nasha, wato sitacin masara, kashi ɗaya, ki ƙara ƙwai ɗaya a kan yadda kika saba da ɗan zabadi, wato yogot, ki bar kwaɓin ya huta minti ashirin kafin ki gasa, in ba haka ba zai yi gari-gari a baki.

Na huɗu, ki koyi karanta bayan kwali, ko a bagala, ƙaramin shagon unguwa, ko a babban kanti. Kalmomin da in kin gani ki ajiye: gamh (alkama), dagig (fulawa), sha'ir, samid, burgul da jarish (ɓarzajjiyar alkama), bugsumat (garin busasshen burodi), da malt. Shufan, wato hatsin oats, shi kansa yawanci a haɗe yake da alkama tun daga gona, sai wanda aka rubuta masa khali minal jilutin, wato marar gulutin, ko mai hoton zangarniyar alkama da aka ja wa layi. Lemon sha'ir na kwalba babu shi. Miyar waken soya ta 'yan Sin akwai alkama a yawancinta. Dunƙulen miya wasu da fulawa ake ɗaure su, ki duba naki, ni na rage shi sosai na koma daddawa da albasa da kayan ƙamshi. Naman boga da nagit na firiza ma haka. Ko magani za ki karɓa a saidaliyya ki faɗa musu. Kuma ki riƙa sake karantawa, kamfani kan canza haɗi ba sanarwa.

Na biyar, cin waje, kar ki hana yaro wannan, zai ji kamar an hukunta shi. Mandi, madbi, kabsa da salig shinkafa ce da nama, sun fi komai sauƙi, ki dai tambaya ko an sa sha'ariyya, 'yar siririyar taliyar nan, a shinkafar ko dunƙule a romon. Gasasshen kifi a Jidda yana da kyau, soyayye kuwa a gari ake birkima shi. Burost, soyayyiyar kazar nan mai gari, babu, dankalinsa ma babu tunda mai ɗaya suke shiga. Mutabbak, ma'asub, arika, harisa da jarish duk alkama ne. Shawarma ko a faranti ce sai kin sa ido, don sukan goga burodi a jikin naman. Kabab wasu na sa garin burodi a ciki, kuma a kan burodi ake ɗoro shi, ki ce a sako a faranti tsura. Tsiren mutanenmu, wanda 'yan Hijaz ke kira sire, ki ce, Malam don Allah yajin nan ƙuli-ƙuli ne kaɗai ko an ƙara gari? Ki je kafin cunkoso, ki nemi mai girkin da kansa ki ce law samaht indaha hassasiyatul gamh, bidun khubuz bidun dagig, wato don Allah alkama ba ta karɓe ta ba, ban da burodi ban da fulawa. In kin ga yana amsa miki sama-sama bai gane ba, ki tashi. Mu wuri uku muka riƙe da suka san mu, ba ma yawan canzawa.

Na shida ya fi duka wuya, kunya. A walima ko suna Hajiya za ta miƙo sambusa ta ce haba ɗan kaɗan ba zai yi komai ba, kuma da zuciya ɗaya take faɗa. Zai yi, ko yarinya ba ta yi kukan ciki ba hanjin yana jin jiki. Ni tun kafin ranar nake kiran uwar biki in ce, Yaya kar ki ji komai in kin ga mun zo da kwanonmu, umarnin likita ne. Da azumi a kula da shorbar hab da ta shufan, lugaimat, kunafa, basbusa, da sobiya da ake yi da sha'ir ko burodi, kunun tsamiya da ƙosai da dabino sun ishe ta buɗa baki. A shimfiɗar buɗa baki ta masallacin Madina ta ci dabino da zabadi ta sha zamzam, burodin shuraik ta miƙa wa na kusa da ita. Malamar ajinta ma na je na yi mata bayani da bakina.

Ki ci gaba da komawa wajen likita ana duba jini, da ƙarfe da bitamin D da B12, a ga ko adadin gwajin nan yana sauka, hanjin yara kan warke cikin watanni, na manya ya fi ɗaukar lokaci. Jakata kuma ba ta rabuwa da dabino, soyayyiyar gyaɗa, dafaffen ƙwai biyu da ɗan dunƙulen fura, ko Harami za mu je ko gidan 'yan uwa a Jidda.