Shawara ga masu zuwa taron dangi a Kumasi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wanda zai je taron zumunci Ghana, tun kafin tikiti ya zauna da tsohuwar gidansu, ya ɗauki muryarta a waya tana jero salsala: wa ya haifi wa, wane kaka ne fataucin goro ya kai shi Gwanja bai dawo ba. A zango ba sunanka za a fara tambaya ba, cewa za a yi "jikan wa?" In ka yi shiru, sai a yi maka karɓar baƙo, ba ta ɗan gida ba. Laƙabi ma a rubuta, don da yawa ba a san su da sunan yanka ba.

Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, amma kar a manta fasfo da katin rigakafin shawara, ana dubawa a Aflao, kan iyakar Togo da Ghana.

Tsaraba kuwa, don Allah kar ka raba da kanka. Damƙa wa babban gida hulunan da turaren wutar gaba ɗaya, shi ya san wanda in aka tsallake za a yi shekara ana ƙorafi. A canza ɗan sidi, kuɗin Ghana, ƙanana saboda yara.